Ƙafa tukuna, inji daga baya: darussan gyaran babur mai ƙafa huɗu

Duk wanda ya mallaki babur mai ƙafa huɗu na tsere, da wuya ya yi wata guda bai fara tunanin canza masa kaya ba. Ga salansa masu ƙyalli, ga rim kala-kala, ga tayoyi masu haƙora iri-iri, kuma mai shago zai rantse maka kowanne dole ne. Aljihu kuwa ba ya ɗaukar su gaba ɗaya. Saboda haka sai mutum ya san da me zai fara, me kuma zai bari sai gaba.

A shekarun da na yi ina aiki a Saudiyya, hutun ƙarshen mako na lokacin sanyi a rairayin Thumama nake yin sa, arewa da Riyad, wani lokaci a jan rairayin wajen Muzahimiyya ko cikin duwatsun gindin Tuwaiƙ. Abin hawana Yamaha Raptor 700 ne, mai silinda ɗaya, cc 686, wanda nauyinsa ya ɗan haura kilo 190 in an cika masa mai. Irinsa ne ya mamaye rukunin masu ƙafa huɗu a gasar Dakar, wadda iyayenmu na Agadas suka sani tun tana ratsa Tenere. Daga 2009 da aka ware wa waɗannan babura rukuninsu har 2024 da aka yi na ƙarshe, Yamaha ce ke lashewa. Da gasar ta koma Saudiyya a 2020 ta yada zango a Riyad, na je na ƙare wa baburan kallo. Abin da ya fi ɗaukar idona shi ne yawan sulken da aka yi musu: faranti a ƙarƙashi, ƙarfe da raga a gefe, kariya a hannu. Masu tafiyar dubban kilomita sun san cewa sai babur ya kai ƙarshe ake maganar wanda ya zo na ɗaya.

Wanda ya tsara mini jerin gyaran dalla-dalla wani dattijon bakanike ne, Bahaushen Sudan, da ke da gareji a unguwar masana'antu. Na tambaye shi, "Baba, da me ya kamata in fara?" Ya goge hannu da tsumma ya ce, "Ɗana, ƙafarka tukuna. Sai cikin babur, sai taya. Inji ya jira, ba inda za shi." A kan wannan jeri na tafi, kuma kullum na hau rairayi sai na ƙara ganin hikimarsa.

Darasi na farko na ƙafa ne. Mu da muka taso da babur mai ƙafa biyu, jikinmu ya saba da abu ɗaya: da zarar babur ya karkata, sai ƙafa ta sauka ƙasa ta tokare. A kan mai ƙafa huɗu wannan sabo shi ne babban hatsari, domin tayar baya tana nan daf da dunduniyarka. Na ga hakan da idona. Wani matashi ya sha kwana a gefen tudu, babur ya ɗaga ɓangare ɗaya, ya sauke ƙafar hagu. Kafin ƙiftawar ido tayar baya ta kama takalmin, ta fizgo shi daga kan kujera, ta bi ta kan ƙaurinsa. Ba gudu yake yi na a zo a gani ba, amma a mota aka ɗauke shi zuwa asibiti.

Maganin wannan shi ne ƙarfen gefe, wani zagayen bututun alminiyum da ake ɗaurawa tsakanin tayar gaba da ta baya, a saƙa masa raga mai ƙarfi a ciki, da makarin dunduniya a bayan matakin ƙafa. In ƙafa ta zame, raga ce za ta tare ta. A filin tsere yana kuma hana tayar wani ta kutsa tsakanin tayoyinka ku sarƙe. Tare da shi akwai igiyar kashe inji, wadda ake maƙala kai ɗaya a babur, ɗayan a jikin mahayi. In ka faɗi, igiyar ta fizge, inji ya mutu nan take. Masu shirya tsere ba sa barin kowa ya shiga fili ba tare da ita ba. Sai hular kwano, tabarau, dogayen takalma masu tauri, da tuta a kan doguwar sanda a bayan babur. A rairayin Glamis na Kalifoniya doka ce tutar ta kai ƙafa 8 daga ƙasa, don wanda ke hawowa ta ɗaya gefen tudu ya hango ka kafin ku yi karo a ƙololuwa. Duka waɗannan ba su kai kuɗin salansa mai kyau da gyaran da ke biyo bayanta ba.

Darasi na biyu na ciki ne. Ka durƙusa a bayan babur ka leƙa. A jikin aksul akwai faifan birki da faifai mai haƙoran da sarƙa ke hawa, kuma tsakanin wannan wuri da ƙasa wajen santimita 11 ne kacal. Dutse ɗaya da bai kai kan mutum ba ya isa ya lanƙwasa faifan birki ko ya zubar da sarƙa, ka kwana a daji. Shi ya sa ake sa farantin kariya mai kauri a nan, da wani dogo a ƙarƙashin inji, da ƙanana a hannuwan da ke riƙe da tayoyin gaba. Akwai na alminiyum, akwai na wata roba mai tauri da santsi. Na alminiyum yana lotsewa yana kuma cije dutse. Na roba yana sulɓewa a kai, ga shi da sauƙin nauyi.

Bayan wani yini a duwatsun Tuwaiƙ, mun ɗaga babur ɗin a gareji. Farantin baya ya sha karta, wani layi mai zurfi ya ratsa shi daga gaba har baya, gefensa ɗaya ya lotsa ciki kamar da ɗan yatsa. Dattijon ya bi layin da farcensa ya ce, "Ka ga wannan? Da faifan birkinka ne." Ya kuma nuna mini wani ɗan ƙarfe da bai kai tafin hannu ba, wanda ake ɗaurawa gaban ƙaramin faifan sarƙa. In sarƙa ta tsinke ana cikin gudu, takan dunƙule ta daki bangon inji ta fasa shi, baƙin mai ya tsiyaye. Wannan ɗan ƙarfen ne ke karɓar dukan. Rigakafi ya fi magani.

Amma a nan na fara gane cewa ƙasa ce ke zaɓar wa babur kaya. Farantin da ya cece ni a cikin duwatsu, a rairayi tsantsa shi ne ke nitsewa yana tara yashi yana riƙe babur. Masu hawan tudu zalla da yawa cire na baya suke yi. Haka kuma yashi yakan taru tsakanin faranti da inji ya riƙe zafi, don haka sai an riƙa kwancewa ana wankewa.

Darasi na uku, wanda ya fi kowanne faɗi, na taya ne. A jikin kowace taya akwai lambobi uku. In ka ga 20x10-9, tsayinta inci 20, faɗinta inci 10, rim ɗin da take hawa inci 9. Ita ce ke zuwa a bayan Raptor daga kamfani. Masu tsere a filin da aka tsara da tsalle-tsalle sukan sauko zuwa 18x10-8, don babur ya matso ƙasa ya kama kwana. Masu ratsa daji da duwatsu sukan tsaya a inci 20 ko su haura zuwa 22, su nemi mai kaurin bango irin su Maxxis Razr ko ITP Holeshot, saboda ƙaya da kaifin dutse. Kowace akwai abin da take ci. Doguwar taya tana ɗaga ciki daga ƙasa, amma tana rage wa babur ƙarfin fizga a tashin farko, har sai an canza faifan sarƙa an daidaita. Mai kauri ba ta saurin fashewa, amma nauyinta inji ne ke juya shi, shokozoba kuma ke fama da shi.

Ta rairayi daban take. Jikinta sumul, sai wasu manyan fikafikai da aka jera a kewaye, suna kamfatar yashi kamar ludayi a ƙwaryar fura. Ranar da na fara sa su, tudun da a da sai na ja da baya na ɗauko gudu kafin in hau, sai ga shi na haye a giya ta biyu ba tare da inji ya yi kuka ba. Sai dai in fikafikan sun yi wa inji yawa, danne shi suke yi. In an juya su baibai wajen ɗaurawa, ba sa kama komai. In kuma aka hau da su kan tsandauri, jijjiga kawai za a sha, su cinye cikin ɗan lokaci. Mai son wurare biyu, sai ya tanadi tayoyi saiti biyu.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne iska. Tayar mota tana ɗaukar psi 30 da ɗoriya, ta wannan babur kuwa wajen 4 kacal. Gejin mai faci na bakin titi ba ya iya karanta wannan, sai an nemi ƙaramin geji na musamman. Ga kuma wani abu: tayoyin baya a kan aksul ɗaya suke, a tare suke juyawa. In ɗaya ta fi ɗaya iska ko da kaɗan, ta fi ta girma ke nan, babur zai riƙa ja gefe guda. Dattijon ba ya yarda da geji kaɗai. Tef ɗin awo yake zagayawa a kowace taya, ya rage iska ko ya ƙara har kewayensu ya zo daidai. Wannan gyara ko riyal ɗaya ba ya ci, amma ya fi wasu kayan dubbai canza tafiyar babur.

Darasi na huɗu na rim ne, kuma daga ƙarancin iskar nan ya samo asali. Taya mai psi 3 ko 4, in aka sha kwana da ƙarfi a gefen tudu, leɓenta yakan zame daga rim, iska ta fice gaba ɗaya, babur ya durƙusa ta wannan gefen. Don haka aka ƙera rim mai zobe: ana ɗora leɓen taya a kan bakin rim, a danne shi da zoben ƙarfe, a ɗaure da kusoshi a kewaye. Ɗaurinsa na son haƙuri. Ba a bin kusoshin a jere. In ka ɗaure wannan sai ka tsallaka na daura da shi, kaɗan-kaɗan, zagaye bayan zagaye, har zoben ya zauna daidai. Rim na alminiyum kuma kauri-kauri ne, daga inci 0.125 mai sauƙi na rairayi zuwa 0.190 na duwatsu. Kafin ka biya, ka tabbatar da ramukan noti: na Yamaha 4/156 ne a gaba, 4/115 a baya, na Honda kuwa daban, ba sa shiga juna.

Rim yana iya ƙara wa babur faɗi, faɗi kuma yana rage kifewa. Matsalar kifewa tsohuwa ce a wannan harka. Ita ce ta sa aka daina sayar da sababbin masu ƙafa uku a Amurka a 1988. Amma in aka turo tayoyin gaba waje ta hanyar rim kaɗai, kowane dutse sai ya fizgi kan babur daga hannunka, boris kuma ya riƙa mutuwa da wuri. Faɗi na gaskiya da dogayen hannuwan gaba da dogon aksul ake samun sa, tare da shokozoban da suka dace da su. Wanda kuɗinsa bai kai nan ba, gara ya bar babur yadda kamfani ya auna shi.

Darasi na ƙarshe shi ne, duk abin da ka ɗaura ya zama amana a wuyanka. Jijjiga tana kwance noti, rana tana cinye raga, yashi yana cin sarƙa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Daren Alhamis nake bin kowane noti da sifana, in duba raga, in auna iska tun tayoyi na da sanyi. Kuma duk wannan shiri bai mai da shi abin hawan kwalta ba. Tayoyinsa masu laushi da aksul ɗinsa guda na ƙasa mai santsi ne. A kan titi cijewa suke yi, su kifar da mutum a kwana. Kujerarsa ta mutum ɗaya ce, ba a goyo a kai.

Sai inji. Lokacin da na gama da ƙafa da ciki da taya da rim, na koma wa dattijon da maganar salansa da ƙarin ƙarfi. Ya ce, "Ɗana, ka taɓa ƙure wanda kake da shi?" Gaskiya ita ce cc 686 ya fi ƙarfin hannun mafi yawan masu hawansa. Kuɗin da za a kashe wajen ƙara masa ƙarfi, in aka zuba shi a mai da yawan hawa, ana koyon karanta tudu da karkata jiki a kwana da sanin lokacin sakin totur, shi ya fi sa mutum sauri, shi ya fi dawo da shi gida lafiya. Duk ɗan'uwan da ke shirin gyara nasa, ya fara duba ƙasar da zai hau, ya kare ƙafarsa, ya kare cikin babur, ya zaɓi tayar da ta dace da wurin. In ya gama waɗannan, shi da kansa zai san ko inji na bukatar a taɓa shi.