Shugaban da Ake Iya Yi Babu Shi

A Amurka akwai wani nau'in makaranta da ke tsakanin ta gwamnati da ta kuɗi. Gwamnati ce ke biya, iyaye ba sa ba da ko sisi, amma wata ƙungiya mai zaman kanta ce ke tafiyar da ita bisa rubutacciyar yarjejeniya. Da sunan wannan takarda ake kiran makarantun, wato "cata". An sakar wa shugabanninsu mara: su ɗauki malaman da suka ga dama, su tsara darussa, su tsawaita lokacin tashi in sun so. Sai dai idan wa'adi ya cika, sau da yawa shekara 5, aka ga sakamakon yara bai gamsar ba, hukumar da ta ba da izini na iya rufe makarantar. Jihar Minesota ce ta fara yin dokar a 1991, makaranta ta farko kuma, City Academy, ta buɗe a birnin St. Paul a 1992. Yau yara sama da miliyan 3 ke karatu a irinsu.

Ni ba malami ba ne. Kimiyyar kwamfuta na karanta, kuma daga nan Kano nake rubuta manhaja wa wani ƙaramin kamfani da wasu daga cikin makarantun ke hulɗa da shi: rajistar ɗalibai, jadawalin darussa, ajiyar maki. Ban taɓa taka ƙafa a ko ɗayarsu ba. Amma mai gyaran famfo yakan san gida fiye da baƙon da aka sauka a falo, haka ni ma nake ganin abin da ba ya fitowa a hotunan talla.

Duk watan Yuli, lokacin da damina ta kankama a nan, su kuma suna dogon hutu, kowace makaranta kan aiko mana da jeri biyu: malaman da za a rufe asusunsu, da sababbin da za a buɗe wa. A wasu makarantun jerin gajere ne, sunayen da na sani bara su ne bana. A wasu kuwa kamar an yi shara. Masu bincike a can sun daɗe suna cewa malamai sun fi barin makarantun cata a kan sauran na gwamnati. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne bambancin da ke tsakanin su kansu makarantun catar. Doka ɗaya, kuɗi kusan ɗaya, unguwanni iri ɗaya, amma wannan tana riƙe mutanenta, waccan tana zubar da su. Shugabanci ne ya raba su.

Alama ta farko da dare take bayyana. Tsakaninmu da gabashin Amurka awa 5 ne ko 6, gwargwadon lokacin shekara. Idan na tashi da asuba na leƙa na'urorinmu, a can sha biyun dare ta kusa ko ta gota. Akwai makarantun da nakan tarar malamansu har lokacin suna shigar da maki, kusan kullum. Daga nesa sai ka ce himma ce. A sana'armu mun san ƙarshen irin wannan himma. Kowace ƙungiyar masu manhaja ta taɓa samun gwarzon da ba ya barci, wanda komai ke kansa. Ranar da ya gaji ya tafi, sai a gano ba wanda ya san yadda aikin ke tafiya. Shi ya sa muke da wata tambaya da muke auna kanmu da ita: mutum nawa ne, in suka tafi yau, aiki zai tsaya cak? Idan amsar "ɗaya" ce, ana cikin haɗari komai kyawun aikin. Shugabar makarantar da ta dogara da malama guda mai sadaukar da lafiyarta tana cin bashi ne, kuma yaran baɗi za su biya.

Wani zai ce ai kujera ba ta zama babu kowa, in an tafi sai a ɗauko wasu. Fred Brooks, wanda ya jagoranci wani babban aikin manhaja a kamfanin IBM, ya amsa wannan tun 1975: ƙara mutane a aikin da ya makara ƙara masa latti yake yi. Dalili kuwa sabon zuwa ba ya iya komai sai tsofaffin hannu sun ajiye nasu sun koya masa. Haka yake a makaranta. Duk sabon malami yana cin lokacin wanda ya riga shi, kuma idan sababbi suka fi yawa, tsofaffin su ma sai su gaji su bi sahu.

To me masu riƙe mutanensu suke yi? Ga abin da na fahimta daga irin buƙatun da suke aiko mana.

Na farko, suna rubuta abu su ajiye inda kowa zai gani. Su ne ke neman mu yi musu rumbun darussa na bai ɗaya, inda malamar aji huɗu za ta tarar da abin da ta bara ta shirya, ta gyara, ta ƙara. Ba ta fara komai daga tushe da tsakar dare.

Na biyu, suna duba aikin juna a kai a kai, kaɗan-kaɗan. Paul Bambrick-Santoyo, wanda ya jagoranci makarantun North Star a birnin Newark, ya yi suna da wannan tsari: maimakon shugaba ya shiga aji sau ɗaya a shekara da doguwar takardar hukunci, sai ya leƙa na kimanin minti 15 duk mako, ya zaɓi gyara ɗaya tak, su zauna da malamin su gwada shi tare. Da na karanta wannan sai na ga aikina. A wurinmu ba layin da ke shiga manhaja sai wani ya karanta shi, komai girman wanda ya rubuta. Gyara ƙarami da ya zo da wuri ba ya zafi. Wanda aka tara maka shekara guda kuwa, sammaci ne.

Na uku shi ne mafi wuya, domin wannan leƙen na iya zama sa ido. Tsari ɗaya, a hannun wani shugaban taimako ne, a hannun wani kuma bulala. Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard ta yi bincike a asibitoci a shekarun 1990, ta tarar da abin da ba ta zata ba: rukunonin ma'aikatan da suka fi kyakkyawan shugabanci su ne suka fi kawo rahoton kurakurai. Sauran ma suna kuskure, tsoro ne ke sa su rufe. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma sai mutum ya tabbata ba za a yi masa dariya ba. Malamin da zai iya cewa "darasin jiya bai shiga ba, a taimake ni" ba tare da fargabar rasa aikinsa ba, shi ne zai gyaru. Wannan na da nauyi a makarantun cata musamman, domin yawancin malamansu ba sa cikin ƙungiyar ƙwadago, kuma sallamarsu ba ta da wuya.

Akwai wani shafi a manhajarmu da nake ganin ya fi kowane bayyana halin shugaba, shi ne shafin izini: wa zai iya gani, wa zai iya canzawa. Wasu shugabannin kan ce a kulle komai, ko sauya ranar jarrabawar aji sai ta hannunsu. Wasu kuma kan ce a buɗe wa shugabannin sassa, a bar malamai su gyara manhajar karatu da kansu. Na farkon suna aiki kamar su mutu, kuma duk ranar da suka kwanta ciwo, saƙonnin neman agaji ne ke cika mana akwati. Na biyun sukan yi tafiyar mako guda ba mu sani ba.

Abin lura shi ne da wannan niyya aka faro tafiyar. Albert Shanker, shugaban ɗaya daga manyan ƙungiyoyin malaman Amurka, shi ya tallata ra'ayin a 1988, yana hangen ƙananan makarantu da malamai za su jagoranta, su gwada sababbin dabaru. Daga baya ya juya wa tsarin baya da ya ga inda aka nufa. 'Yancin da doka ta ba makaranta yakan tsaya a ofishin shugaba, sai in shi ya ga dama ya miƙa shi gaba.

Matsin da ke kan waɗannan shugabanni na gaske ne. Wa'adi na tafe, makin jarrabawa ne zai yi magana, kuma hanya mafi sauri ta ɗaga maki ita ce a matse malamai na shekara biyu ko uku. Takan yi aiki, har a ba da lambar yabo. Amma yaron da ya shiga makarantar yana ɗan shekara 5 zai daɗe a cikinta fiye da wa'adin yarjejeniyar. Yana buƙatar wani babba da ya san shi tun bai iya riƙe fensir ba, wanda zai lura ranar da ya yi shiru fiye da kima, ya san kuma lambar wa zai kira a gida. Wannan sanin ba ya shiga rumbun bayanai, na gwada na gani. Yana zaune ne a kan malamin da aka ba dalilin dawowa bayan hutu.