Fenti a Gindin Wutsiya: Waikato da Rugarmu

A yankin Waikato na ƙasar Niyuzilan, ciyawa ce ke yanke wa saniya lokacin haihuwa. Mai garke yana so shanunsa su haihu tsakanin Yuli da Satumba, daidai tsirowar ciyawa bayan sanyi, shi ya sa ake fara barbara a Oktoba. Kowace saniya sai an shafa mata fenti a gindin wutsiya. Da safe, wadda fentinta ya goge, an san 'yan'uwanta sun hau ta, wato tana neman bijimi. Sai a ware ta, ma'aikacin LIC, kamfanin da makiyayan suka mallaka da kansu, ya zo da maniyyin zaɓaɓɓen bijimi ya ɗura mata.

Wa ya tilasta musu wannan ɗawainiya? Aljihunsu. Idan ranar saniya ta kuɓuce, sai an jira mako uku, kuma madarar mako ukun nan ba za ta shiga tankar kamfanin Fonterra ba, mai biyan kuɗi gwargwadon maiƙo da furotin da ke cikin madara. Wadda ta ƙi ɗaukar ciki har lokaci ya wuce, galibi mahauta ta nufa.

A rugarmu bijimi yana cikin garke rani da damina. Bafulatani bai gaza Bature sanin saniya ba. Daga tafiyarta yake gane tana nema. Sai dai a wurinsa garke ajiya ce, da daraja, da gadon 'ya'ya, don haka ba a gaggawar rabuwa da juya. Nono kuwa a ƙwarya yake zuwa kasuwa, babu mai ƙara sisi don maiƙonsa.

Cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika ta daɗe tana haɗa bunaji da shanun Turawa na firijiyan. Amma 'yar ruwa-biyu ba ta jure doguwar tafiya, ga kaska, ga sammore, ga yunwar bazara da ke hana saniya ma neman bijimi. Maniyyi kuma sai da sanyin naitirojin, sai da mai ɗurawa da zai iso a ranar.

Don haka wa'azin barbarar zamani kaɗai ba ya sauya makiyayi. A ba shi mai sayen madara kullum a farashi tsayayye, da harawa da dusar rani, da ruwa kusa. Daga nan shi da kansa zai fara ƙirga kwanakin saniyarsa.