Unguwar da Fats Domino Ya Ƙi Bari

Birnin New Orleans yana bakin kogin Mississippi a jihar Louisiana, kudancin Amurka. Gari ne na makaɗa, kuma abin da ya kai mu can shi ne bin sawun ɗaya daga cikinsu, Antoine Domino, wanda ake yi wa laƙabi da Fats saboda ƙibarsa.

Mun fara da dandalin Congo Square. A zamanin bauta, nan ne bayin da aka kwaso daga Afirka suke taruwa ranar Lahadi, su buga ganguna su yi rawa. Da muka tsallaka titin Rampart, sai ga wani tsohon gini a kusurwa. Nan ne situdiyon J&M yake a da, inda Domino ya ɗauki waƙarsa "The Fat Man" a watan Disamban 1949, yana ɗan shekara 21, tare da mai busa ƙaho Dave Bartholomew. An sayar da faifan har miliyan ɗaya, kuma masana da dama suna sa shi cikin faya-fayen farko na kiɗan rock and roll. Gwanin fiyano ne. Hannunsa na hagu yana riƙe da amo mai nauyi kamar ganga, na dama kuma yana dukan maɓallai sau uku-uku, har sai ƙafar mai sauraro ta motsa.

Lokacin ana tsananin wariyar launin fata a kudancin Amurka. A 1955 ya fitar da "Ain't That a Shame", sai wani mawaƙi farar fata, Pat Boone, ya sake rera ta. Ta Boone ta zo ta ɗaya a jerin waƙoƙin da suka fi tashe, ta mai waƙar kuwa ta tsaya a ta 10. Duk da haka kiɗansa ya ƙetare teku. John Lennon na ƙungiyar Beatles ya ce wannan waƙar ce ya fara koyon kaɗawa. A Jamaika kuma ana kama tashoshin rediyon New Orleans, salon Domino ya shiga cikin kiɗan ska, wanda daga baya ya haifi reggae ɗin da kuka sani.

Daga nan muka haye gadar da ke kan mashigin jiragen ruwa zuwa Lower Ninth Ward, unguwar talakawa baƙar fata inda aka haife shi a 1928, auta a cikin 'ya'ya takwas. Ya sayar da faifai sama da miliyan 65, yana da halin zama duk inda ya ga dama, amma a nan ya gina gidansa, cikin maƙwabtan da suka san shi tun yana yaro. Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi, kuma Domino bai bari ba.

A watan Agustan 2005 guguwar Katrina ta afka wa garin, katangar da ke tare ruwa ta fashe, unguwar ta nutse. Domino, yana da shekara 77, ya ƙi fita saboda matarsa ba ta da lafiya. Har wani ya rubuta ta'aziyya a bangon gidansa, ashe an cece su a kwalekwale. Daga baya ya koma garin Harvey a ƙetaren kogi, inda ya rasu a 2017 yana da shekara 89.

Gidan nasa yana nan, da haruffan FD a goshinsa. A wasu layukan unguwar kuwa mun ga filaye da ciyawa ta cinye, da matakalan siminti da suka rage bayan ruwa ya tafi da gidajen. Mutanen unguwar da yawa ba su dawo ba har yau.