Kawuna mai gadi da Sashe na 11

1/ Duk wanda ya ji ina karanta lauya a UMYU sai ya ce saura kotu da baƙar riga. Ni kuwa so nake in zama lauyan makarantu. Ga dalili.

2/ Kawuna daga Kusada ya yi shekara 6 yana gadin wata makarantar kuɗi a Kankia. Rana ɗaya aka kira shi a waya: gobe kar ka zo. Ko takardar ɗaukar aiki bai taɓa gani ba.

3/ Na buɗe Dokar Ƙwadago. Sashe na 7 ya ce cikin wata 3 a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce. Sashe na 11 kuma, wanda ya kai shekara 5 sai an ba shi notis na wata guda, ko kuɗin watan.

4/ Na tafi da shirin faɗa, wallahi har na haddace Kotun Ma'aikata ta Ƙasa don in tsorata mai makarantar. Sai na tarar da dattijo, tsohon hedimasta, yana lissafin alli da kuɗin haya. Bai taɓa jin waɗannan sassan ba. Ya ce, "Ɗana, wa zai faɗa mana?"

5/ Kunya ta kama ni. Ya biya Kawu kuɗin watan, a biya biyu.

6/ Sannan ya roƙe ni in rubuta wa malamansa 9 takardun aiki. Na ce Baba ban zama lauya ba tukuna, amma zan kai wa malaminmu ya duba. Ranar Litinin zan kai.