Lambobin da Ban Karanta Ba

Kafin in karɓi mukullin BMW 335i ɗin da na saya, 'yar Kwatano ƙirar 2008, na riga na haddace lambobinta kamar karatun allo. Silinda shida a jere, lita uku, turbo biyu ƙanana, kowanne hayaƙin silinda uku ke juya shi. Ƙarfin doki 300 a lissafin Amurka, inda ta fito, kuma cikakken ƙarfin jan nata yana zuwa tun injin bai kai juyi 1,500 a minti ba. Sunan injin N54. Kamfanin ya fito da shi a 2006, ya lashe kambin injin shekara na duniya a 2007 da 2008. Duk wanda ya tsaya kallon motar a majalisa sai na karanto masa waɗannan, ko ya tambaya ko bai tambaya ba.

Akwai wasu lambobin a littafin da ke cikin aljihun motar, a shafukan baya, da ƙananan baƙaƙe. Su ne ban duba ba.

Lokacin juyen mai na farko na kai ta garejin wani dattijon bakanike da ya daɗe yana taɓa motocin Jamus. Ya ce baƙin man da take sha sai mai lambar Longlife-01 a bayan galan, na haɗin kimiyya, mara kauri, irin 5W-30 ko 5W-40, kuma lita shida da rabi take ɗauka. Da ya faɗi kuɗin sai na ɗaure fuska. Na ce masa wannan man na ƙasar sanyi ne, mu nan rana ke gasa kwalta, mai kauri shi ke riƙe inji. Shekara da shekaru ina zuba wa tsohuwar Peugeot 504 ta mahaifina 20W-50, ba ta taɓa yi mana gardama ba.

"Alhaji," in ji shi, "504 ba ta da turbo. Wannan hanyar man nata ko tsinken tsire ya fi ta kauri a wasu wuraren."

Na ce, "Baba, ka dai zuba abin da na kawo."

A raina na yi masa mummunan zato, na ɗauka kashin kansa yake nema a kan mai tsada. Wannan zaton ya fi damuna har yau, fiye da kuɗin da na yi asara daga baya. Ya dube ni, ya dubi galan biyun da na sauke daga but, ya ce da yaronsa ya kwance filta.

Motar ba ta nuna komai ba, abin da ya ƙara taurara kaina ke nan. Watanni tana tashi bugu ɗaya, tana cin hanyar Kano zuwa Zariya kamar ana jan ta da igiya. Na sake juye sau biyu da irin man, a wurin masu juye na bakin titi, don kada in haɗa ido da dattijon. Kuma ina jira sai kwamfutar motar ta nemi juye, alhali tazarar da aka tsara mata mai nisa ce ƙwarai, an yi ta ne a kan man da ya dace, ba kuma da ƙurar hunturunmu da cunkoson Kano a lissafi ba. Wannan injin ba shi da sandar duba mai. Sensa ce ke gaya maka yawansa a allon gaban direba, kuma yawan kawai kake gani a allon. Da ina zaro sanda ina shafa man a yatsa kamar yadda na saba, da na ga yadda ya koma.

Abin da ban fahimta ba shi ne aikin da mai ke yi a cikin turbo. Hayaƙin da ya fito daga silinda, wanda zafinsa kan haura digiri 900, shi ke juya farfela ɗaya. Ita kuma ta juya 'yar uwarta ta ɗaya gefen, wadda ke cusa iska cikin inji. Sandar da ta haɗa su siririya ce, ba ta kai kaurin ɗan yatsa ba, tana juyi fiye da sau 100,000 a minti, kuma ba a kan ƙarfe take zaune ba, a kan siririyar shimfiɗar mai take shawagi. Da asuba, in mai ya yi kauri, yakan makara kafin ya iso ta ɗan bututun da ke kai shi, ni kuwa ina tayar da mota in taka totur nan take. In kuma ya isa, man da ba a yi shi don wannan zafin ba yakan ƙone ya bar gawayi a bututun, hanya ta ƙara tsukewa. Kullum ana ɗan gogar ƙarfe da ƙarfe, ba ƙara, ba fitila.

Alamar farko wani siririn fito ne in na taka ta. Na ƙara sautin rediyo. Sai shuɗin hayaƙi daga salansa in ta daɗe a tsaye. Ran da abin ya ƙare, na wuce Kwanar Ɗangora ina ƙoƙarin wuce tirela, na taka, sai ta ƙi. Fitilar inji ta kama, ƙarfi ya zube, madubi ya cika da hayaƙi. Allah ya tsare babu mota a gabana, kuma iyalina suna kujerar baya.

Garejin dattijon aka ja ta, don ba ni da wani wurin da na yarda da shi. Kwance turbo a wannan motar ba ƙaramin aiki ba ne, suna can ƙasa a matse a gefen inji, sai da aka sauke abubuwa da yawa kafin hannu ya kai. Da aka fito da na baya, ya kira ni. Ya kama farfelar da yatsu biyu ya girgiza, sai ta yi ta kaɗawa kamar haƙorin da ya kusa fita, bakin fukafukanta duk sun cinye inda suka riƙa gogar gidansu. Ya ɗauko bututun mai ya hura da baki, iska da ƙyar ta fita. Ya buɗe murfin saman inji, ga baƙin dasƙararren abu kamar kwalta ya lulluɓe ko'ina. Bai ce mini "ai na gaya maka" ba. Da ya faɗa ma da na fi samun sauƙi.

N54 yana da raunin da masu shi suka sani, famfon fetur mai matsi da famfon ruwa na lantarki suna cikin abubuwan da ake sa wa ido. Na so ƙwarai in rataya laifin a can, har na fara faɗa wa abokai cewa injin turbo ba ya ƙarko. Ba gaskiya na faɗa ba. Famfunan motata lafiyarsu ƙalau a ranar. Abin da ya mutu, man da na saya da hannuna ne ya kashe shi, bayan an gargaɗe ni.

An canza turbo biyun da bututansu, an wanke injin, motar ta yi sati uku a kan jak. Ranar da zan ɗauke ta na jira yaransa suka fita salla, na ce masa, "Baba, na zarge ka a raina ranar nan, na zaci cuta ta za ka yi. Ka yafe mini."

Ya goge hannunsa da tsumma ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Sannan ya miƙo mini sabon galan, ya juya bayansa, ya ɗora yatsa a kan ƙananan baƙaƙen, ya ce in karanta masa da ƙarfi kafin a zuba.