Murfin da ke jira a ƙasan teku

Tsohon mai haƙar rijiyar nan na Garo ba ya shiga rami mai zurfi sai ya zura fitila da igiya. In ta mutu a ƙasa, ranar babu aiki. Ɗansa na uku ya gaji haƙa, amma a kan teku yake yi, a dandamalin haƙar mai da ke gaɓar Neja-Delta. Duk zuwansa gida tambayar uban ɗaya ce: “Ku me kuke zurawa?”

Ɗan ya sha yi masa bayani. Mai da iskar gas a matse suke cikin dutse, kullum neman hanyar fita suke. Abin da ke danne su laka ce mai nauyi da ake ɗurawa cikin rijiyar. In gas ya rinjaye ta, sai a koma ga wata ƙatuwar na'ura da ke zaune a bakin rijiyar, mai muƙamuƙan ƙarfe hawa-hawa. Wasu su rungume bututun haƙar, na ƙarshe kuwa ya datse shi gaba ɗaya, ya rufe ramin ruf. Ko wuta da sadarwa sun yanke, an tsara ta yadda za ta rufe da kanta.

Tsohon ya jinjina kai. “Ta taɓa ƙin rufewa?”

Ta taɓa. Ranar 20 ga Afrilun 2010, a Tekun Meziko, bututun dandamalin Deepwater Horizon ya lanƙwashe ya goce daga tsakiya, wuƙaƙen ba su datse shi yadda ya kamata ba. Mutum 11 suka rasu, mai ya yi kwana 87 yana kwarara. Na gida ma ba a rasa ba: ranar 16 ga Janairun 2012 gas ya ɓalle a dandamalin K.S. Endeavor da ke yi wa Chevron haƙa a gaɓar Bayelsa, mutum 2 suka rasu. Wutar ta ci kwana 46, kuma duwatsun cikin rijiyar ne suka rufta suka toshe ta.

Tun da aka ƙaddamar da haƙar Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe, a Nuwamban 2022, zancen ya matso Arewa.

Uban bai damu da girman na'urar ba. Da zai raka ɗan tasha, ya riƙe hannunsa ya ce, “Wa ke gwada ta, kuma in ya ce a tsaya, ana tsayawa?”

Ɗan ya ce, “Ana gwadawa, Baba.” Rabin tambayar ke nan ya amsa, motar Kano ta cika.