Kwamfutar Da Ta Ƙi Yanke Ƙauna

Duk wanda ya taɓa kai rubutunsa shagon buga takardu ya san ba kwamfuta ɗaya ake aiki da ita ba. A shagunan da suka ɗan waye, akwai babbar kwamfuta guda, uwar garke, wadda ake tara komai a cikinta, sauran kuma su riƙa ɗebowa ta waya kamar a cikinsu kayan suke. A manhajar Linux, tsarin da ya fi daɗewa yana wannan aiki shi ne NFS, wanda kamfanin Sun Microsystems na Amurka ya fito da shi a 1984.

NFS yana da wata ɗabi'a mai ban haushi. Idan uwar garke ta daina amsawa, ƙaramar kwamfutar ba za ta ce maka ta kasa ba. Jira za ta yi. Ka buga df don duba ma'aji, shiru. Ka buga ls, shi ma ya maƙale. Abin da kawai take rubutawa a kundinta shi ne: uwar garke ba ta amsawa, ana ci gaba da gwadawa.

Haka na tarar da kwamfutoci huɗu a wani shago a Kazaure, wata Asabar da zafi. Ɗalibai biyu daga Roni da Ɓaɓura na jiran furojet ɗinsu, ga wata baiwar Allah da ta taso tun daga Gwiwa, ana buga mata babin ƙarshe na littafinta. Yarinyar da ke bugawa ta danna ajiyewa, allo ya daskare.

Mai shagon ya ce, "Malam, mu kashe mu kunna mana."

Marubuciyar ta miƙe. "Don Allah Alhaji kada ka taɓa! Tun safe muke gyaran nan, a baki nake faɗa tana bugawa."

Gaskiyarta. Gyaran yana nan rataye tsakanin kwamfutocin biyu, bai isa ma'aji ba. Tun 2008 Linux ya yarda a kashe irin wannan aiki da kill -9, akwai kuma umount -f na cire ma'ajin da ƙarfi, amma duk suna iya raba mu da gyaran. Sai na bar ƙananan, na nufi uwar garke. Lafiyarta ƙalau, tana kan inbata. Na buga ping daga ɗaya cikin huɗun, babu amsa. Ke nan ba a ƙofa ta 2049 da NFS ke sauraro matsalar take ba, hanyar ce gaba ɗaya ta yanke. Na bi waya har ƙarƙashin tebur: ɗan akwatin da ke haɗa wayoyin a bango aka jona shi, wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙone masa adafta. Aka aiki yaro kasuwa. Muna jona sabuwa, ba a jima ba kwamfutoci huɗun suka ci gaba daga inda suka tsaya, ko harafi bai ɓace ba.

Alhaji ya nemi in mayar masa da tsarin daga hard zuwa soft, wai wani ya ce masa soft ba ya maƙalewa. Haka ne, yakan gwada 'yan lokuta ya haƙura, ya ce an samu kuskure. Sai dai manhajar da ke rubutu ba kullum take kula da wannan kuskuren ba, kuma littafin jagorar NFS da kansa ya yi gargaɗi cewa soft na iya lalata bayanai ba tare da an sani ba. Fayil ya buɗe, rabin babi babu. Ni dai a wurin da ake ajiye rubutun mutane ba na sa shi. Wurin da karantawa kawai ake yi, wannan da sauƙi.

Na bar masa hard ɗinsa, na mayar da akwatin wayoyin kan inbata.